TAKARDUN SHIGA JAMI'A SUN ZO: WACCE ZA A KARƁA?

Matanin jawabin da aka gabatar ga 'yan uwa matasa masu neman karatun injiniya a ƙasashen waje

 

Maganar yau ta shafi wani hali ne wanda a da can ba kasafai ake shigarsa ba, amma yanzu ya zama ruwan dare. A da ɗalibi yakan yi shekara da shekaru yana neman gurbi guda ɗaya tak a wata jami'ar waje bai samu ba. Yanzu kuwa, da wayar hannu da ɗan kuɗin intanet, matashi yakan cika fom goma cikin mako guda, kafin wata biyu sai ya ga takardu uku ko huɗu sun shigo masa, kowacce tana yi masa barka, kowacce da hoton dogayen gine-gine da koren fili. Sai gida ya cika da murna, a sanar da dangi, a fara kiran yaro Injiniya tun bai taka matakalar jirgi ba. To, ya kamata a sani cewa jami'o'i da dama a Ingila da Kanada da Ostireliya da Saifurus, da kuɗin ɗaliban waje suke cike giɓin kasafinsu. Ma'ana, kamar yadda ɗalibi yake nemansu, su ma nemansa suke yi ruwa a jallo. Saboda haka zuwan takarda bai isa shaidar cewa an dace ba. Inda ake dacewa ko a yi asara shi ne wajen zaɓi, kuma asarar ba ƙarama ba ce, domin sau da yawa gona ce aka sayar, ko fili, ko kuɗin sallamar mahaifi na aikin shekara talatin da biyar.

Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne ya faro lissafinsa daga ƙarshe. Ya hango ranar da zai sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da takardar shaida a jakarsa, ya tambayi kansa, wa zai amince da wannan takardar? Sannan ya sake tambaya, shin akwai abin da zai kai shi wannan rana, ko kuwa a shekara ta biyu guzuri zai ƙare? Duk takardar shigar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi biyu, komai kyan hotonta, a ajiye ta gefe.

WA ZAI AMINCE DA TAKARDAR?

Aikin injiniya yana da bambanci da wasu fannonin. Wanda ya karanci tarihi, in ya iya, iyawarsa za ta bayyana a bakinsa da alƙalaminsa. Amma wanda zai zana gada, ko ya sa hannu a taswirar bene mai hawa biyar, ko ya tsara wutar asibiti, rayukan jama'a ne a hannunsa. Shi ya sa ƙasashe suke kafa hukumar da za ta ce wane injiniya ne, wane kuma ba injiniya ba ne. A Nijeriya wannan hukuma ita ce COREN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta shekarar 1970. Ita take yi wa injiniyoyi rajista, kuma ba ta yi sai mutum ya kawo digirin da ta yarda da shi, ya kuma yi aƙalla shekara 4 yana aiki bayan ya gama makaranta. Daɗin daɗawa rajistar tata hawa-hawa ce: akwai rajistar cikakken injiniya, akwai ta teknolojis, akwai ta teknishan, akwai ta mai sana'ar hannu. Wani sai ya tafi da niyyar hawa na sama, ya dawo ya tarar takardarsa ta hawa na biyu ce, alhali kuɗin da ya kashe ɗaya ne.

A shekarar 1989 hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashe 6, wato Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyuzilan da Ailan, suka ƙulla wata yarjejeniya da ake kira Yarjejeniyar Washington. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk kwas ɗin da ɗaya daga cikinsu ta tantance ta amince da shi, sauran za su ɗauke shi daidai da nasu. Daga baya wasu suka shigo: Afirka ta Kudu a 1999, Malesiya a 2009, Turkiyya a 2011, Indiya a 2014, Sin a 2016, Pakistan a 2017. Ita ma COREN ta zama mamba ta wucin gadi a 2023. Wannan ya ba ɗalibi ma'auni a hannunsa, wanda ba sai ya dogara da bakin kowa ba. In takardar daga Amurka take, ya duba jerin hukumar ABET. In daga Turkiyya ce, ya duba jerin MÜDEK. In Malesiya ce, akwai majalisar tantancewa da ke ƙarƙashin Hukumar Injiniyoyin ƙasar. In Indiya ce, akwai NBA. Jerin nan duk a buɗe suke a intanet, kyauta, kuma dubawar ba ta kai rabin sa'a ba.

Amma a lura da kyau, 'yan uwa, domin nan ne mafi yawa suke zamewa. Kwas ake tantancewa, ɗaya bayan ɗaya, ba jami'a ɗungurungum ba. Jami'a guda tana iya samun amincewa a kan injiniyan gine-gine da na lantarki, amma sabon kwas ɗin da ta buɗe bara mai suna mai daɗin ji bai samu ba, ko ma ba a kai ga duba shi ba. Haka nan reshen jami'a da ke wata ƙasa ba lallai ne amincewar uwar jami'ar ta haɗa da shi ba. Kuma amincewar tana da shekarun farawa da na ƙarewa. Don haka sunan kwas ɗin da ke rubuce a takardar shiga, shi za a nema a cikin jerin, harafi da harafi, tare da harabar da za a yi karatun. In dillali ya ce ai jami'ar sananniya ce, to ba a tambaye shi wannan ba.

Akwai kuma batun tsawon shekaru. A ƙasar nan digirin injiniya shekara 5 ne. A Amurka da Indiya da Turkiyya shekara 4 ne. A Ingila akwai na shekara 3 da ake kira BEng, akwai na shekara 4 da ake kira MEng, kuma a wajen hukumarsu na shekara 3 ɗin shi kaɗai bai cika sharaɗin karatu na zama babban injiniya mai lasisi ba, sai an ɗora wani karatun a kai. Saboda haka wanda ya zaɓi gajeren don ya rage kuɗin shekara guda, ya san cewa akwai sauran tafiya a gabansa. Jamus da Faransa kuwa ba sa cikin Yarjejeniyar Washington, kuma wannan ba ya nufin karatunsu ba shi da inganci, wa zai faɗi haka game da injiniyoyin Jamus? Nasu tsarin ne daban. A Turai akwai tambarin EUR-ACE. A Faransa akwai hukumar CTI, wadda tun 1934 ita take ba makaranta izinin ba da muƙamin injiniya, bayan karatun shekara 5. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda galibi ƙasashe masu Faransanci suke nufa, wannan sunan za su nema.

Wanda yake ganin wannan duk tsanani ne, ya tuna abin da ya faru da digirin Kwatano. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu, 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da na Togo. A watan Agusta na wannan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne suke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 5 ne kawai a Benin, 3 a Togo, gwamnati ta amince da su. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai waɗanda suka sayi takarda da gangan, akwai kuma bayin Allah da suka zauna suka yi karatu tsakani da Allah, illa iyaka ba su bincika ba kafin su tafi. Wake ɗaya ya ɓata gari. Duk wanda ya yi karatu a waje, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya shiga hidimar ƙasa, to me zai hana a tambayi matsayin jami'ar tun kafin a biya ko kwabo?

GUZURIN DA ZAI KAI ƘARSHE

Tambaya ta biyu ita ce ta kuɗi, kuma ita ce iyaye suka fi jin nauyin buɗewa, yara kuma suka fi ƙin ji. Kuskuren da ake yi shi ne a lissafa kuɗin shekarar farko, a harhaɗa shi da kyar da jiɓin goshi, a ce saura Allah zai kawo. Lallai Allah shi ne mai kawowa, amma shi ne kuma ya ba mutum hankalin yin lissafi. Kuɗin makaranta da dala ko fam ko yuro ake biya, mahaifi kuwa da naira yake samu. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Alal misali wanda kuɗin makarantarsa dala 10,000 ne a shekara, da ya tafi naira miliyan 4 da dubu 600 ake nema masa, kafin ya shiga aji biyu ta koma miliyan 15. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, mahaifi bai yi sakaci ba, amma yaro ya maƙale. A watan Mayu na 2024 labari ya bazu na ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila, waɗanda aka dakatar da karatunsu aka kuma umarci wasu su bar ƙasar saboda sun kasa cika biya a kan lokaci bayan faɗuwar naira. Wasunsu saura ƙiris su gama.

Saboda haka a ɗauki takarda da biro, a jera takardun shigar gefe da gefe, a rubuta wa kowacce kuɗin shekarun gaba ɗaya: kuɗin makaranta, da haya, da abinci, da inshorar lafiya, da biza da sabunta ta, da tikitin jirgi, da kayan sanyi. Sannan a tambaya, in naira ta sake faɗuwa da rabi, gidan nan zai iya? In amsar a'a ce, to wannan takardar ba ta wannan gida ba ce, kuma babu abin kunya a ciki.

A yi hattara da kalmar tallafin karatu, wato sukolashif, domin ta zama ƙugiyar kamun kifi. A ɗauka ga wani matashi da takardu biyu. Ta farko ta ce kuɗinta dala 30,000 ne a shekara, amma an yafe masa rabi saboda hazaƙarsa. Ta biyu ba ta yafe komai ba, kuɗinta dala 4,000 ne. Zuciya sai ta karkata ga ta farko, don an yabe shi, alhali dala 15,000 zai biya, kusan ninki huɗu na ɗayar. Ragi daban, tallafi daban. Kuma a karanta sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan haruffa: shin ragin na shekarar farko ne kawai? Shin an ɗaure shi da wani maki wanda in aka gaza shi a zango guda shi ke nan? Karatun injiniya ba a rasa zangon da lissafi zai kayar da mutum, komai ƙoƙarinsa.

Cikakken tallafi akwai shi. Na gwamnatin Turkiyya, wanda aka fara a 2012, ya haɗa da kuɗin makaranta da masauki da alawus na wata-wata da inshora da tikiti, da shekara guda ta koyon Turkanci. Hungari tana da nata tun 2013. Akwai Jami'ar Musulunci ta Fasaha da ke Gazipur a Bangaladash, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC, kuma injiniyanci ne babban aikinta. Amma ko a nan sai a duba wa zai biya, kuma yaya tarihinsa na biya. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari da Sin a ƙarƙashin shirin yarjejeniyar ilimi ta BEA sun yi watanni da yawa ba a biya su alawus ba a 2023 da 2024, daga bisani a 2025 Ministan Ilimi ya sanar da daina shirin. Na jihohi kuwa kowa ya san yadda yake: gwamna ya tura, wa'adinsa ya ƙare, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba, jami'a ta riƙe takardar shaida sai an biya bashi. Wanda zai tafi da tallafin jiha ya tambaya shekara nawa ta rage wa wanda ya sa hannu.

Ita kuma Jamus da ake cewa karatu kyauta ne, gaskiya ne mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. Sai dai jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, Jami'ar Fasaha ta Munik ma ta fara karɓa a 2024. Sannan kafin a ba da biza sai an nuna kuɗin zama na shekara guda, galibi a wani asusu da ake kullewa ana sakar wa ɗalibi kaɗan-kaɗan, wanda a watan Satumba na 2024 aka mai da shi yuro 11,904. Kuma mafi yawan digirin farko na injiniya da Jamusanci ake koyar da shi. Kanada ma a farkon 2024 ta ɗaga kuɗin da ake nunawa daga dalarta 10,000 zuwa 20,635, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa.

Wani zai ce ai in ya je zai yi aiki ya biya. A Ingila doka ta ba ɗalibi sa'a 20 ne a mako lokacin karatu. A Amurka ma sa'a 20 ne, kuma a cikin harabar makaranta. Wannan zai iya sayen abinci, wataƙila ya taɓa haya, amma ba zai biya kuɗin makaranta ba. Ɗalibin injiniya kuwa da safe yana aji, da rana yana ɗakin gwaje-gwaje, da dare yana rubuta rahoton gwajin. Wanda ya kwana yana dakon kaya a sito, da wane ido zai kalli allo? Sannan akwai kamfanonin da suke ba ɗaliban waje bashi da dala, da ruwa a kai. Banda abin da kowane ɗan uwa ya sani na hukuncin riba, bashin dala ga wanda zai dawo ya ci albashin naira igiya ce a wuya. Asusun NELFUND da aka fara a 2024 bashinsa ba ruwa, amma na makarantun gwamnati ne na cikin gida.

ABIN DA BA YA HANNUN JAMI'A

Takardar shiga ba biza ba ce. Jami'a tana iya cewa zo, ofishin jakadanci ya ce a'a. A watan Yuli na 2025 Amurka ta mai da mafi yawan bizar 'yan Nijeriya ta wata 3, shiga ɗaya. A watan Disamba na shekarar kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan dokoki sukan canza cikin dare ɗaya, don haka a duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancin a makon da za a yanke shawara, kada a dogara da labarin wanda ya tafi shekara uku da suka wuce. Kuma kafin a biya kafin-alƙalami a nemi amsa a rubuce: in an hana biza, nawa za a mayar?

Zaman lafiyar ƙasa ma abin dubawa ne. Ranar 24 ga Fabrairu, 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗalibai suka taka da ƙafa cikin sanyi zuwa iyakokin Folan da Romaniya da Hungari. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 faɗa ya tashi a Khartum, inda 'ya'yan Arewa suke da yawa, aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a ɗauko su daga Aswan. Waɗanda suke karatu a Sin suka zo hutu kafin annobar korona, an rufe musu ƙofa daga Maris na 2020 har zuwa wajen ƙarshen 2022, ana koya musu injiniyanci ta waya, ba su taɓa ko ƙusa ba. Babu wanda ya san gaibu. Abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya fifita kwas ɗin da wata jami'ar za ta karɓi makinsa in ta ɓaci, kuma kowane zango ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi ya adana. Da yawa daga waɗanda suka baro Sudan wannan takardar ce ta hana su ci gaba daga inda suka tsaya.

INJINIYANCI A HANNU YAKE

In takardu biyu ko uku sun tsallake waɗannan shingaye, sai a zo ga ingancin karatun kansa. A nan mutane suke ruga wa jerin gwanayen jami'o'i na duniya, a ce wannan ta 150 ce, waccan ta 600. Jerin QS, alal misali, kashi 30 cikin 100 na makinsa ra'ayin malaman jami'o'i ne game da sunan makaranta, kashi 20 kuma yawan ambaton binciken malamanta ne. Wannan yana da amfani ga mai neman digiri na uku. Ɗan aji ɗaya kuwa abin da ya dame shi shi ne mutum nawa ne a kan injin gwaji guda, kuma shin ana barin ɗalibi ya kunna shi da hannunsa ko kallo kawai yake yi. Wannan ba a samunsa a jeri, sai a bakin ɗalibin da ke aji uku a wannan sashen. A nemo shi, a tambaye shi. A guji wanda dillali ya haɗa, domin dillali kamasho yake karɓa daga jami'ar a kan kowane kai, kuma inda kamasho ya fi tsoka can zai nuna.

A tambayi batun koyon sanin makamar aiki a masana'anta. A ƙasar nan tun 1973 akwai shirin SIWES, wanda yake fitar da ɗalibin injiniya wata 6 zuwa wurin aiki. Shin waccan jami'ar tana da irinsa? Shin baƙo yana samun gurbi, ko 'yan ƙasa kawai ake ɗauka? Kuma ko da Turanci ake koyarwa a aji, a masana'antar Turkiyya Turkanci ake yi, a ta Sin Sinanci. Wanda ya ƙi koyon harshen mutane zai dawo da digiri, amma bai taɓa shiga inda ake ƙera komai ba.

Sannan a duba ina za a yi aiki da ilimin. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, ta nan kuwa 230 ce mai bugu 50. Can da inci da ƙafa suke awo, kankarensu da ƙa'idar ACI suke zana shi, nan kuwa injiniyoyi sun taso ne a kan ƙa'idar Birtaniya ta BS 8110, wadda ita Birtaniyar ta maye gurbinta da ta Turai a 2010. Asalin lissafin ɗaya ne, mai ƙwazo zai juya cikin 'yan watanni, amma ya san da juyin. Abin da ya fi wannan shi ne ƙasar kanta. Wanda ya ƙware a kan yadda ƙanƙara take fasa titi, zai dawo ya tarar da jar ƙasa, da baƙar laka ta yankin tafkin Chadi mai kumbura da damina ta tsage da rani, da ƙurar hunturu mai rufe faifan sola, da zafin da ke ƙona transfoma. Ga madatsar Tiga tun 1974, ga ta Alau da ta ɓalle a Satumba na 2024 ta cinye Maiduguri, ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Jami'ar da ke Indiya ko Masar ko Malesiya, wadda take fama da zafi da ban ruwa da ƙarancin wuta, wani lokaci ta fi kusa da waɗannan matsaloli fiye da mai babban suna a ƙasar dusar ƙanƙara.

Kada kuma a manta da takardar da ake rainawa, wato ta gida. In a cikin takardun akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ko ta Fasaha ta Minna, a sa ta a layi tare da sauran. Aibinta sananne ne: yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kayan gwaji da yawa sun tsufa, aji ya cika maƙil. Amma kuɗinta da naira ne, kwas ɗinta COREN ce take tantance shi kai tsaye, yaƙin wata ƙasa ko biza ba za su katse ta ba. Kuma tallafin da ya fi yawa a duniya na digiri na biyu da na uku ne: ga na asusun PTDF, ga na Kwamanwel, ga DAAD na Jamus, ga Erasmus Mundus na Turai, ga Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran da Jami'ar KAUST a Saudiyya. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya daga Zariya, ya tafi digiri na biyu da kuɗin wasu, ya fi wanda ya cinye gonar gidansu a wata jami'ar bayan kanti ta ƙasar waje.

Dangane da addini da tarbiyya, ɗan shekara 18 da zai tafi inda babu mai tashinsa sallar asuba, ya kamata a san wa zai tarar a can. A bincika ko akwai masallaci kusa, ko jadawalin gwaje-gwaje yana cin lokacin Juma'a, ko ana samun yankan halal, ko akwai 'yan uwa na gari da za su tare shi. Sai dai kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya mai da kwas mara tantancewa ya zama mai tantancewa, kowanne da ma'auninsa. A yi shawara da injiniyan da ya yi rajista yana aiki, a buɗe wa iyaye lissafin gaba ɗaya ba tare da an ɓoye musu shekarun baya ba, domin su za su ɗauki nauyin, sannan a yi istihara bayan an gama bincike.

Saura batun wa'adi. Takardu da yawa sukan zo da cewa a biya kafin-alƙalami cikin mako biyu ko gurbi ya tafi. A duba tukuna ko takardar mai sharaɗi ce, wato sai an kawo sakamakon jarrabawar Turanci ko wani maki, ko kuwa tabbatacciya ce. Ana iya rubuta wa ofishin shigar da ɗalibai a nemi ƙarin lokaci, ko a nemi a ɗage gurbin zuwa shekara mai zuwa, kuma jami'o'i da yawa sukan yarda. Kuɗi kuwa a asusun jami'ar ake zuba shi, wanda aka gani a shafinta, a karɓi rasit da sunan ɗalibi. Duk wanda ya ce a tura ta asusunsa shi zai miƙa, a ce masa an gode.